Kalmar Tarko da Kalmar Nema: Nazari a kan Tallan Injin Bincike

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa neman wani abu a injin bincike na Google ya san cewa sau da yawa abubuwan da suke fara fitowa a saman shafi tallace-tallace ne, ba amsoshi na haƙiƙa ba. Mai irin wannan talla ba ya biyan ko kwabo domin tallansa ya bayyana. Sai wani ya latsa shi, ya shiga shafin mai kaya, sa'an nan a cire masa kuɗi. Wannan ne ya sa ake kiransa tallan biyan-kowace-latsawa. Abin da wannan maƙala take son ta duba tambaya ce guda ɗaya: me mutumin nan ya rubuta a injin har maganarsa ta tayar da tallan, kuma ta wace hanya mai biyan kuɗin zai gane haka?

Mai yiwuwa ne mai karatu ya ce wannan ai zancen 'yan kasuwa ne, ina ruwan ɗalibin Hausa da shi? To, in an bi al'amarin a hankali za a tarar cewa gundarinsa matsala ce ta harshe. Akwai ƙirar kalma a ciki, akwai ilimin ma'ana, akwai kuma ƙa'idojin rubutu, watau darussan da muke zama a aji muna ɗauka, sai dai a nan kowane kuskure yana da farashi da naira.

Kafin a ci gaba, ya kamata a bambanta abubuwa biyu waɗanda ake yawan cakuɗawa. Na farko shi ne kalmar da mai talla ya zaɓa ya miƙa wa Google, ya ce in an nemi wannan a nuna tallana. A wannan maƙala za mu kira ta kalmar tarko, domin ɗana ta ake yi a koma gefe a jira. Na biyu shi ne abin da mutum ya rubuta da hannunsa lokacin da yake nema, ko kalma ɗaya ce ko jimla sukutum, da kurakuranta da komai. Wannan za mu kira ta kalmar nema. Dangantakarsu ta yi kama da ta kalmar da Bargery ya jera a ƙamusunsa na 1934 da kuma yadda ake jin kalmar a bakin mutane a kasuwar Kurmi. Ta farko a tsare take, an tsince ta an wanke. Ta biyu kuwa tana zuwa da ɗafi, da karin harshe, da maƙwabtan da ba a zata ba.

Asalin gwanjon kalmomi

Wani ɗan kasuwa Ba'amurke mai suna Bill Gross ne ya fito da wannan dabara sosai a shekarar 1998, da injinsa mai suna GoTo.com. A wurinsa wanda ya fi tayi a kan kalma shi yake hawa sama, ba wani sharaɗi. An sauya wa kamfanin suna zuwa Overture a 2001, Yahoo kuma ya saye shi a 2003. Shi Google ya buɗe nasa tsarin mai suna AdWords a watan Oktoba na 2000, amma da fari a kan yawan fitowar talla ake biya. Sai a Fabrairun 2002 ya koma biyan-kowace-latsawa, tare da wani ƙari mai muhimmanci: bai duba tsadar tayi kaɗai ba, ya haɗa da yawan yadda mutane suke latsa tallan, wanda yake alama ce ta ko tallan ya dace da bukatarsu. A 2018 aka mai da sunan Google Ads. Domin a ga girman harkar, a shekarar 2023 kaɗai sashen bincike na Google ya shigo da kimanin dala biliyan 175.

A duk lokacin da wani ya rubuta nema, ana yin gwanjo cikin ƙiftawar ido tsakanin masu tallan da tarkonsu ya dace da abin da ya rubuta. Google a nan dillali ne, amma dillalin da ya saɓa wa namu na gargajiya. Dillalin kasuwar Wudil ba ya karɓar la'ada sai ciniki ya faɗa. Wannan kuwa da zarar ya kawo mutum bakin rumfa ya ci kuɗinsa, ko mutumin ya saya, ko ya leƙa ya ga ba nan yake nufi ba ya juya. Saboda haka maslahar dillali da ta mai kaya ba su zama ɗaya a ko da yaushe ba, kuma duk abin da zai biyo baya a wannan nazari daga nan ya taso.

Yadda tarko yake kamawa

Da a ce talla ba ya fitowa sai kalmar nema ta yi daidai da kalmar tarko harafi da harafi, da babu abin bincike. Amma ba mai iya hango duk yadda jama'a za su furta bukatarsu. Google da kansa ya sha bayyana cewa kimanin kashi 15 cikin ɗari na neman da ake yi masa kowace rana sababbi ne, bai taɓa ganin irinsu ba. Don haka aka tanadi matakan dacewa guda uku. Akwai sakakkiyar dacewa, wadda take barin talla ya fito ga duk neman da injin ya ga yana da alaƙa da kalmar tarko, ko da kalmar kanta ba ta ciki. Akwai dacewar yanki, wadda ake nunawa da sanya kalma a tsakanin alamun zance, inda ake bukatar ma'anar kalmar tarko ta kasance a cikin abin da aka nema. Sai kuma dacewar daidai-wa-daida, wadda ake sanyawa a cikin baka mai kusurwa.

Sunan wannan ta ukun yana yaudara, kuma tarihinta ya cancanci a tsaya a kansa. A farko ma'anarta ita ce abin da sunan ya faɗa. A shekarar 2012 Google ya shigo da abin da ya kira sigogi makusanta, watau jam'i da tilo, da kuskuren rubutu, da kalmomin da suka fito daga saiwa ɗaya, amma ya bar wa mai talla zaɓin ya ƙi. A 2014 aka cire zaɓin, ya zama dole. A 2017 aka ƙara cewa injin na iya sauya jerin kalmomi, ya kuma yi watsi da ƙananan kalmomi irin su mahaɗai. A 2018 kuwa aka kai ga cewa ya isa in injin ya ga manufar mai nema ɗaya ce da ta kalmar tarko, ko da lafazin ya bambanta. A 2019 aka miƙa irin wannan sassauci ga dacewar yanki, sa'an nan a 2021 aka narkar da wani mataki na huɗu da yake akwai a da, mai alamar tarawa, a cikinta.

Ɗalibin harshe zai lura da hanyar da aka bi. An tashi daga harafi, aka koma ƙirar kalma, daga nan ginin jimla, aka ƙare a ma'ana da nufi. A kowane mataki hukuncin cewa magana biyu ɗaya ce yana ƙara fita daga hannun mai biyan kuɗi yana komawa hannun mai karɓa. Ba za a ce wannan sharri ne zalla ba, domin yana kawo masu sayen da mai talla ba zai taɓa tunanin lafazinsu ba. Sai dai malamanmu na ilimin ma'ana sun daɗe suna nuna mana cewa da wuya a sami kalmomi biyu masu ma'ana ɗaya ta kowace fuska, kuma abin da ya ba malamai wuya ba a sa ran na'ura ta yi shi ba tuntuɓe.

Rahoton kalmomin nema

A da akwai hanya ta bayan gida. In mutum ya latsa talla, adireshin da ya kawo shi yakan zo ɗauke da abin da ya rubuta, mai shafi kuma ya karanta a cikin bayanan maziyartansa. Google ya fara toshe wannan ƙofa a Oktoban 2011 ga sakamakon da ba na talla ba, sa'an nan a Afrilun 2014 ya toshe ta ga tallace-tallace ma. Har yanzu mai talla na iya sa alama a adireshinsa wadda za ta gaya masa wace kalmar tarko ce ta kama, amma wannan ba ya gaya masa abin da mutumin ya rubuta. Wasu kuma sukan zauna su yi ta rubuta kalmomi a injin da kansu domin su ga ko tallansu zai fito. Wannan wahala ce marar riba, saboda mutum ba zai gwada ba sai abin da ya riga ya zo masa a rai, alhali abin da ake nema shi ne wanda bai zo masa ba.

Hanyar da ta rage ita ce rahoton kalmomin nema, wanda aka fara bayarwa a 2007, kuma yana cikin sashen rahotanni na asusun mai talla. Microsoft ma yana da irinsa ga masu talla a injinsa na Bing. Jadawali ne. Kowane layi yana ɗauke da kalmar nema ɗaya, a gabanta kuma an nuna sau nawa talla ya fito dominta, sau nawa aka latsa, nawa aka kashe, da sau nawa ciniki ya faɗa, in dai mai tallan ya tsara yadda za a ƙidaya masa cinikin. Akwai gurbin da yake nuna irin dacewar da ta auku, akwai kuma wanda yake nuna kalmar tarkon da ta jawo layin, kuma wajibi ne mai nazari ya tabbata wannan gurbi a buɗe yake, don in babu shi zai ga ɓarna amma ba zai san ta wace kafa ta shigo ba. Abu na fari da ake yi shi ne a zaɓi tsawon lokaci mai ɗan yawa, kamar wata ɗaya ko uku, a jera layukan daga wanda ya fi cin kuɗi zuwa ƙasa, a bi su ɗaya bayan ɗaya ana tambaya: wanda ya rubuta wannan, kayana yake nema?

Misali daga Hausa

Mu ƙaddara wani mai sayar da yadi a Kantin Kwari a Kano ya ɗana kalmomi uku a sakakkiyar dacewa: shadda, da zane, da turmi. A ransa babu wata ma'ana sai ta tufafi. Amma shadda, ban da yadin da manya suke ɗinka babbar riga da shi, ita ce kuma alamar nan ta rubutun Larabci mai nuna an ninka baƙi, kuma a garin da yara da manya suke karatun tajwidi masu nemanta ba za su yi kaɗan ba. A wani karin ma shadda masai ce. Zane kuwa yana iya zama na ɗaurawa, yana iya zama zanen gida ko zanen fure. Turmi na atamfa ne a wurinsa, a wurin wata kuma na daka ne, wanda ake saye tare da taɓarya. In rahoto ya fito, abin da zai iya gani a ciki shi ne layuka irin su shadda da sukun, zanen gida mai ɗaki uku, farashin turmi da taɓarya. In muka ƙaddara, don lissafi kawai, cewa kowace latsawa naira 200 ce, kuma cikin latsawa 300 guda 90 na irin waɗannan ne, to naira 18,000 daga cikin 60,000 sun tafi wajen mutanen da ba su taɓa nufin sayen ko ƙyalle ba.

Hausa tana da wani dalili na musamman da yake ƙara wannan ruɗani. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Gado na kwanciya da gado na dukiyar mamaci kunne yana rarrabe su nan take, amma a rubuce ɗaya suke. Kafintan da ya ɗana gado yana iya biyan kuɗin wanda yake tambayar yadda ake rabon gado. Haka kuka na miya da kuka na hawaye, haka fari na launi da na rashin ruwa. Bugu da ƙari, yawancin masu rubutu a waya ba sa sanya baƙaƙe masu ƙugiya, sai kafa da ƙafa su haɗe, kofa ta tsaya a madadin ƙofa, wasu ma su rubuta qofa. Injin ba ya jin murya. Abin da yake da shi shi ne maƙwabtan kalmar a cikin nema, kuma nema sau da yawa kalma biyu ce ko uku.

Ba asara kaɗai rahoton yake nunawa ba, kuma a ganina ɗaya fuskar ta fi ban sha'awa. Ɗan kasuwa yana tunani da sunan haja, mai saye kuwa yana tunani da sunan bukata. Mai yadin nan na iya tarar da layuka irin su kayan lefe, ko atamfar anko, ko ɗinkin Sallah na yara, waɗanda ciniki ya faɗa a kansu, alhali bai taɓa ɗana su ba. Irin waɗannan sai a ɗauke su a mai da su kalmomin tarko masu zaman kansu, a rubuta musu tallan da yake magana da bakin mai neman. Tun da dacewar talla tana cikin abin da ake aunawa a gwanjo, yin haka yakan taimaka wajen matsayi da farashi.

Kalmar hani da ƙirar kalma

Maganin layukan banza shi ne kalmar hani, watau kalmar da in ta bayyana a cikin nema talla ba zai fito ba. Mai yadi ba zai hana shadda ba, domin ita ce hajarsa. Maƙwabtanta zai hana: sukun, tajwidi, Larabci, taɓarya. Kafinta zai hana rabo, da magada, da mamaci. A nan akwai wata ƙa'ida da take kama da rashin adalci. Sassaucin nan na sigogi makusanta da aka yi wa kalmar tarko ba a yi wa kalmar hani shi ba. Tarko yana kama jam'i da tilo da ma'ana makusanciya, amma hani ba ya toshe sai sigar da aka rubuta. A 2024 ne Google ya sanar cewa hani zai riƙa haɗawa da kuskuren rubutu, amma jam'i da sauran sigogi suna nan a wuyan mai talla.

Ga mai Turanci wannan ƙaramin aiki ne, tun da yawancin jam'insa ƙarin harafi ɗaya ne. Ga Bahaushe kuwa sai ya koma ga nahawu. Jam'in Hausa yana da azuzuwa fiye da goma, kamar yadda Paul Newman ya baje su a babban littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000: turmi turame, zane zannuwa, gado gadaje, riga riguna, takalmi takalma. Ga kuma ɗafin nasaba, wanda yake mai da rabo rabon, taɓarya taɓaryar. Telan da yake son ya kauce wa masu neman darasi ba zai tsaya a koyo ba, sai ya rubuta koyon, da koyi, da koya, da koyarwa, kowace a layinta. Wanda ya san saiwa da ɗafa-ƙeya zai gama wannan jeri cikin minti kaɗan. Wanda bai sani ba sai dai ya jira kowace siga ta ci masa kuɗi tukuna ya gan ta a rahoto.

Dole kuma a yi hattara kada hani ya wuce gona da iri. Masu talla da Turanci sun saba hana kalmar da take nufin ba biya, don su kori masu neman banza. Wanda ya kwaikwayi wannan ya hana kyauta a Hausa ya kori mai neman atamfa kyauta, haka ne, amma ya kori wanda yake neman atamfar da zai ba surukarsa kyauta, wanda kuwa da kuɗinsa a hannu ya zo. A irin wannan hali gara a hana yankin magana gaba ɗaya maimakon kalmar ita kaɗai.

In layuka suka kai dubbai, karanta su ɗai-ɗai ba ya yiwuwa. Dabarar da ake bi ita ce wadda masu nazarin matani suka sani: a farfasa kowane layi zuwa kalmominsa, a tara kuɗin da aka kashe da cinikin da aka samu a ƙarƙashin kowace kalma. Ta haka za a iya ganin cewa kalma kamar yadda, ko hoton, ta ɓuya a cikin layuka ɗari, kowane ya ci kuɗi kaɗan wanda ba ya jan ido, jimillarsu kuwa ta fi ta kowane babban layi.

Abin da aka ɓoye

Rahoton ba ya faɗin komai da komai. Tun daga Satumban 2020 Google ya daina nuna kalmar nema sai in mutane masu yawa sun neme ta, ya ce don kare sirrin jama'a. Hujjar tana da tushe. A Agustan 2006 kamfanin AOL ya saki neman mutane wajen 650,000, kimanin layi miliyan 20, bayan ya musanya sunayensu da lambobi, amma cikin 'yan kwanaki 'yan jaridar New York Times suka gano wata dattijuwa a jihar Jojiya daga abubuwan da ta riƙa nema kawai. Mutum yakan rubuta wa injin ciwonsa da bashinsa da sunan unguwarsu. Duk da haka masu talla sun yi ƙorafi, kuma da gaskiyarsu, cewa ana cire musu kuɗi a kan maganar da aka hana su gani. A 2021 an sassauta, aka ƙara yawan layukan da ake nunawa, amma ƙa'idar yawan masu nema tana nan.

Masanin harshe George Zipf ya nuna tun a shekarun 1930 da 1940 cewa a kowane matani kalmomi 'yan kaɗan ne suke maimaituwa da yawa, mafi yawa kuwa sau ɗaya ko biyu suke fitowa. Kalmomin nema ma haka suke, kuma wannan doguwar jela ta masu fitowa sau ɗaya ita ce ƙa'idar 2020 ta rufe. Hankali yana ba da cewa abin zai fi taɓa harshen da masu rubuta shi a injin ba su kai na Turanci ba, musamman in kalma ɗaya tana rarrabuwa zuwa atamfa, da atanfa, da atampa, kowace siga da 'yan tsirarun masu ita. A 2024 an fara haɗa kuskuren rubutu a ƙarƙashin sigar da take daidai, amma wannan yana amfani ne a inda injin ya san wace siga ce daidai.

Akwai dai ma'aunin da mai talla zai iya riƙewa. A ƙasan jadawalin ana nuna jimillar latsawa da kuɗin layukan da aka bayyana, da kuma jimillar sauran da aka dunƙule ba suna. In ya raba ta biyun da jimillar abin da ya kashe, zai san kashi nawa na kuɗinsa ne yake tafiya a duhu. In kason ƙarami ne, kuma ciniki yana faɗawa a cikinsa, sai ya bar shi. In kuwa ya yi yawa ba ciniki, kalmar hani ba za ta yi masa magani ba, tun da ba a hana abin da ba a gani ba. Abin da ya rage masa shi ne ya duba wace kalmar tarko ce ta fi zubar da kuɗi a wannan ɓangare, ya sauko da ita daga sakakkiyar dacewa zuwa ta yanki ko ta daidai-wa-daida, ya kuma ƙara mata maƙwabciyar da za ta fayyace ma'anarta, shadda ta zama shaddar maza, turmi ya zama turmin atamfa, sa'an nan ya jira wata guda ya sake buɗe rahoton.